Ɓarakar Neville Trewartha

Duk wanda ya taɓa zama da Neville Trewartha, ko da na tsawon shan shayi ne, ya san lambar nan: 38114. Ba ta wayarsa ba ce, ba kuma ta motarsa ba. Lambar wani rahoto ce da ya rubuta a shekarar 2009, kuma a shekarunsa hamsin da tara a duniya, shi ne abu guda da ya yi wanda baƙi suka karanta.

A ƙaramin garin Kadina aka haife shi, ɗan mai gyaran taraktoci. Uban ya so ya gaje shi, amma Neville tun yana ƙarami ba ya son baƙin mai a hannunsa. Abin da yake so shi ne ya tsaya a bayan mai aiki ya ce masa ba haka ake yi ba. Ya sauko Adelaide ya yi karatu, ya auri Glenys mai aikin jinya, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajar famfunan ban-ruwa na gonakin inabin bakin kogin Murray. Shekara ashirin da shida ke nan yana wurin, tebur ɗaya kusa da taga, abincin rana ɗaya: fasti mai nama da dankali, da kwalin kofi mai sanyi. Ba a taɓa yi masa tayin aiki a wani wuri ba. Shi ya ce ƙi yake yi.

Aiki a ofishin nan ba ya tafiya sai da kwamfaila, wato manhajar da ke karanta abin da suka rubuta ta juya shi zuwa abin da inji zai iya bi. Ita ce kuma mai gadi. Kashi-kashi suke rubutu, kowane kashi suna ce masa kilas, kuma kowane kilas kamar gida yake: mai shi yakan bar falo a buɗe ga kowa, ya kulle ƙurya ya ce nan ba mai shiga. Duk wanda ya miƙa hannu ƙuryar wani, kwamfaila sai ta tsayar da aikin baki ɗaya, ta rubuta laifinsa da ja. An yi haka ne don mai gida ya iya sauya kayan ƙuryarsa ba tare da aikin wani ya rushe ba.

To abin da Neville ya gano shi ne akwai lungun da mai gadin ke barci. Idan aka gina kilas a cikin wani kilas, kuma na wajen tamfilet ne, wato irin wanda ake rubutawa sau ɗaya a riƙa fitar da iri-iri daga gare shi kamar yadda mai bulo ke yi da ƙarfen bugu, to kwamfaila ba ta duba kulle. Wanda ya ga dama ya shige.

Ba nemansa ya yi ba, tuntuɓe ya yi da shi. Ya rubuta layi goma sha ɗaya ya aika shafin da masu kwamfailar ke karɓar ƙorafi. 'Yan sa-kai ne, a warwatse suke a duniya, kowa da aikin gabansa. Wani daga cikinsu ya rubuta, "An tabbatar." Shi ke nan. Rahoton ya kwanta shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa shi.

Amma kalmomin nan biyu sun ishi Neville rayuwa. Ya buga su a takarda ya manna a bango. Ya tilasta wa kowa a ofis ya sa sunansa cikin masu bibiyar rahoton, don a ga da jama'a a bayansa. Duk shekara, ranar da ya shigar da shi, sai ya koma ya rubuta, "Har yanzu?" Tsohon mai kamfanin, wanda bai san kilas ba balle tamfilet, ya ga takardar a bango ya ce lallai wannan masani ne, ya ba shi kujerar duba aiki. Daga ranar ba layin da ke shiga manhajar kamfanin sai da sa hannun Neville.

Kujerar nan ita ce ransa. Ba ta ƙara masa ko dala ɗaya a albashi ba, amma ta ba shi damar mayar wa mutum aikin mako guda saboda abin da bai kai ya kawo ba, ya jingina da baya ya ce, "Ni fa masu kwamfailar da kansu na kama da kuskure, balle kai." Suka sa masa suna Alƙali a bayan idonsa. Da ya ji, ya ɗauka yabo ne, sai suka koma kiransa da shi a gabansa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a makon da ya kai ƙarar ɓarakar, a makon ya fara bi ta cikinta. Akwai wata sabuwar ma'aikaciya lokacin, Soula Karidis, da ta rubuta kilas ɗin da ke auna ruwa ta kulle ƙuryarsa. Neville yana buƙatar wani abu a ciki. Tebur biyu ne tsakaninsu, tashi kawai zai yi ya ce don Allah ki buɗe mini. Watanta huɗu da fara aiki, ga ta mace, kuma sai ya ce don Allah? Ya bi ta lungu. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne. Da ya ga ba abin da ya faru, sai ya sake, ya kuma sakewa, har ya zame masa hanya. Bai taɓa ƙirgawa ba. Shi dai ya san 'yan sa-kai ba za su taɓa gyarawa ba, shi ya sa yake rubuta "Har yanzu?" hankali kwance.

Wata Talata da safe a shekarar 2021, yana cire hularsa ke nan sai muryar Darko Petkovic ta cika ofis. Darko ƙato ne, shekararsa hamsin, ba ya iya magana a hankali, kuma ba wanda Neville ya fi mayar wa aiki kamarsa.

"Alƙali! Ka duba saƙonka? An gyara, mutumina! Jaririnka ya yi shekara goma sha biyu, yau an yaye shi!"

"An gyara me?"

"Me kake da shi a duniya ban da shi? Wata Roshni Naidu ce cikin 'yan sa-kan, a can birnin Suva. Ta ce hutu ta samu, ruwan sama ya hana ta fita, ta zauna kwana biyu ta toshe."

Neville ya zauna. Soula, wadda yanzu ita ce shugabar ofishin, ta fito tana tafi, ta aika a sayo kek mai kwakwa. Mutum tara suka kewaye teburinsa suna taya shi murna, shi yana yaƙe.

"Mu ɗora sabuwar kwamfailar yanzu-yanzu," in ji Darko, baki cike da kek. "Don girmama Alƙali."

"Ba a gaggawa da irin wannan," in ji Neville. "Sai an zauna an yi nazari, an…"

"Haba! Kai da kake tsawata musu duk shekara? Yau an kawo maka har gida kana cewa nazari?"

Darko ya ɗora, ya danna. Allon ya cika da ja, ya gangara, ya ci gaba da gangarawa kamar ba zai tsaya ba. Da ya tsaya, lambar da ke ƙasa ɗari huɗu da goma sha biyu ce. Wuri ɗari huɗu da goma sha biyu wani ya shiga ƙuryar da ba tasa ba.

Soula ta ajiye kek ɗinta ta sunkuya ta karanta na farko. "Wannan ai ma'aunin ruwana ne. Wa ya shigar mini?"

Ba a iya dubawa. Kowane ofis irin wannan yana da kundin da ke nuna wa ya rubuta wane layi, amma nasu ya fara ne daga 2014, shekarar da suka sauya kundi aka zuba tsohon aiki duka a dunƙule ba suna. Neville ne ya yi zubin. Waɗanda ya ƙara daga baya kuwa, ya san yadda ya ɓatar da sawunsu cikin gyare-gyaren jama'a.

"Graeme ne," in ji Neville, bai ko ƙifta ido ba. "Hannunsa ne, na san shi."

Graeme Oldacre ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, ya koma tsibirin Kangaroo yana kiwon ƙudan zuma. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya a ofishin ba, kuma ba ya nan balle ya ce a'a.

"To kai kana ina?" in ji Soula. "Ba kai ke sa hannu ba?"

"Graeme ya girme ni. Ba kullum yake kawo mini aikinsa ba."

"Neville, ji nan. Ranar Juma'a ina so in san yadda aka yi. In na Graeme ne shi kaɗai, ta bayanka ya bi, shi ke nan. In kuwa da saninka, kujerar duba aiki ta koma wurin Darko."

"Ni ba na so," in ji Darko. "Amma zan daure."

Mutum mai kunya da ya kwana ya tashi ya je ya faɗi gaskiya. Neville ya kwana ya tashi da dabara. Idan aka janye gyaran, jan rubutun zai ɓace, Juma'a ta zo ba abin tuhuma. Sai dai ba zai iya roƙon a janye da sunansa ba, shi da ya yi shekara goma sha biyu yana kuka. Ranar Laraba da rana ya ce zai je wurin likitan haƙori, ya wuce gida, ya baje kwamfutarsa a teburin kicin.

Glenys ta dawo daga aiki ta same shi yana bugu kamar ana korarsa. Ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Waye Warwick Dunstan?"

"Ba kowa."

"Ba kowa ne yake rubuta wasiƙa da yatsunka? Neville, in mace ce ka faɗa mini, in je in yi mata jaje."

"Aiki ne, Glenys. Ba za ki gane ba."

"Shekara talatin ba na ganewa, kuma ban ga abin da na rasa ba. Ɗage mini wannan abin, zan yanka albasa."

Ya matsa gefe ya ci gaba. Warwick Dunstan, mutumin da aka haifa a wannan rana tsakanin kwandon albasa da tukunyar shayi, ya rubuta a ƙarƙashin rahoton cewa gyaran nan ya rusa musu aikin shekaru, ma'aikata na cikin tashin hankali, a tausaya a janye.

Sai Neville ya ga kamar za a zarge shi in ya yi shiru. Ya fita daga sunan Warwick ya shiga nasa, ya rubuta amsa mai zafi: ƙa'ida ƙa'ida ce, wanda ya gina aikinsa kan ɓaraka shi ya jiyo, irinsu ne suka lalata sana'ar. Ya karanta ya ji daɗi. Ya koma Warwick ya yi magiya. Ya dawo Neville ya ƙara wanke shi. Sau uku suka yi musayar, kuma abin takaicin shi ne, a tsakiyar tsoron da yake ciki, daɗin cin mutuncin Warwick yake ji da gaske. Ya daɗe bai samu wanda ya tsaya ya ji faɗansa har ƙarshe haka ba.

Kafin la'asar Roshni ta amsa a taƙaice. Ta ce wa Warwick ta ji, ya turo fayil ɗin gwaji ta gani da idonta.

Al'adarsu ce wannan, masu kwamfaila ba sa sauraron kuka sai da shaida. Akwai umarnin da ake ba kwamfaila ta tattaro duk abin da aikinka ya dogara da shi ta zuba a fayil ɗaya, ka tura musu, su gwada a wurinsu. Neville ya san al'adar sarai, ya sha tsawata wa baƙi a shafin nan kan rashin turo shi. Ya yi tunani irin nasa: in ya tura aikin kamfani na yanzu, ya fitar da sirrin ofis, kora ce. Amma yana da tsohon kwafi a kwamfutarsa, na shekarun baya, wanda ba mai damuwa da shi. Ya ba da umarnin a kansa, fayil ya fito, layi dubu tamanin. Ya tura da sunan Warwick, ya rufe kwamfuta, ya tambayi Glenys me za a ci.

Duk tsawon shekarun da ya yi yana koya wa mutane turo fayil ɗin nan, bai taɓa buɗe ɗaya ya karanta ba. Da ya taɓa, da ya san kwamfaila ba ta ɗauko komai ba tare da ta rubuta inda ta ɗauko shi ba: kwamfutar wane, folda kaza.

Ranar Alhamis ya shigo ya tarar da ofis tsit, kowa ya juyo da kujerarsa. Duk cikinsu ba wanda saƙonnin jiya ba su shigar wa ba, tunda shi ya sa su bibiyar rahoton. Darko na tsaye a tsakiya riƙe da waya.

"Alƙali, sannu da zuwa. Yaya haƙori? Zauna, wasa za mu yi maka." Ya ƙanƙance murya kamar mai shirin kuka. "'Ku tausaya mana, iyalai ne a bayanmu.'" Ya juya gefe guda, ya buɗe ƙirji, ya kumbura kumatu. "'Irinku ne kuka lalata sana'ar!' Kai, Alƙali, ka ji tsoron Allah, bawan Allahn nan me ya yi maka?"

"Ƙa'ida na faɗa masa," in ji Neville, yana rataye hularsa.

"Ka kyauta. To ga amsar Roshni, da safen nan ta shigo." Darko ya koma muryarsa, ya karanta a hankali yadda kowa zai ji. "'Na gode, Malam Warwick. Na duba. Duk inda kwamfaila ta ƙi, daidai ta yi, ba zan janye gyaran ba. Abu ɗaya kawai: fayil ɗinka ya nuna daga kwamfutar wani mai suna ntrewartha ya fito, cikin folda mai suna aikina 2010. Idan kwamfuta ɗaya kuke amfani da ita kai da Malam Neville, ina ga zai fi sauƙi ku sasanta a gida.'"

Ofishin ya fashe da dariya. Wata har da kifa kai a tebur. Neville na tsaye, hannunsa bai bar jikin hular ba.

Soula ce kaɗai ba ta yi dariya ba. "Darko, yaushe Graeme ya fara aiki a nan?"

"Maris, 2012. Ni na nuna masa banɗaki."

"Na buɗe fayil ɗin," ta ce da Neville. "Wuri sittin da ɗaya a ciki, duk a ƙuryata, shekara biyu kafin Graeme ya san ƙofar ginin nan."

"Gwaji nake yi," in ji Neville. "So nake in ga ko yarinyar nan Roshni za ta tsaya kan ƙa'ida ko za ta ba da kai. Wani lokaci dole mutum ya…"

"Tun 2010 kake gwada ta?"

Soula ta matso kusa da shi.

"Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Ina zaune can, kana nan. Me ya hana ka ce in buɗe maka? Minti biyar ne."

Ya kalli taga. Soula ba ta jira shi ba.

"To ba sai mun jira Juma'a ba. Darko, daga yau kai ke sa hannu. Neville, ɗari huɗu da goma sha biyun nan naka ne, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka je wurin mai kilas ɗin ka tambaye shi, da bakinka. Amma kafin nan, ɗauki waya ka kira Graeme."

"Zan rubuta masa."

"Da wane sunan?" in ji Darko.

"Kira shi," in ji Soula. "Nan, a teburinka. Ka buɗe muryar mu ji."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Iska na kaɗawa a can, da wani gunji ƙasa-ƙasa.

"Graeme, ni ne, Neville."

"Wane Neville?"

"Trewartha. Na ofis."

"Au, mai taga! Kana nan har yanzu? Yi sauri, abokina, hannuna na cikin amya."

Neville ya share maƙogwaro. Ya yi bayani mai tsawo wanda ya zagaya ta tarihin kwamfaila da sauyin kundi da matsin aikin wancan lokaci, kuma can wajen ƙarshe, a gurguje, ya ce an samu rashin fahimta har sunan Graeme ya shigo ciki kan wasu tamfilet.

"Tamfilet?" in ji Graeme. "Ni? Ai ban taɓa rubuta ko ɗaya ba, tsoronsu nake ji. Kai ne ma ka ce kada in taɓa, sun fi ƙarfina. Ka ga, sun fara fushi, sai an jima. Ka gaida Soula."

Graeme ya kashe wayar.

Kowa ya juya kujerarsa ya koma aiki. Neville ya zauna ya buɗe na farko cikin jerin. Ya daɗe yana kallonsa, yana neman ko akwai wata hanyar da ba sai ya tashi ba. Babu. Roshni ta yi aikinta da kyau. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya taka har ƙofar ofishin Soula ya ƙwanƙwasa.

"Ina waya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Jira a nan."

Ya tsaya ya jira.